Babur ɗina na ɗaukar zafi ya mutu in na tsaya a gosilon gadar Wudil

Mai Boxer, Garko: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Babur ɗina Boxer ne, shekararsa uku a hannuna, kuma sabo na saye shi. In ina kan titi ina tafiya, lafiya lau, daga Garko har Wudil ko tari ba ya yi. To yau Juma'a na shigo kasuwa, na faɗa gosilon bakin gada, tirelolin shanu sun cushe hanya, muka yi kusan minti 20 muna jan babur da ƙafa. Can sai na ji zafi yana dukan ƙwaurina ta cikin wando, ga wani ƙauri kamar an manta tukunya a kan wuta. Silo, wato bugun injin in yana tsaye a kunne, ya hau da kansa ba tare da na taɓa totur ba. In na ɗan murɗa sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin injin. Daga ƙarshe ya mutu a tsakiyar mutane, na yi ta dukan kik har gumi ya jiƙa min riga, ya ƙi. Na tura shi gindin wata darbejiya, na sayi rake na zauna. Bayan kamar minti 15, kik ɗaya ya tashi kamar ba shi ba. Wannan shi ne karo na uku. Wani a wurin ya ce ring ne, wato zoben fistan, sai an sauke injin. Ni kuma kuɗin da ke hannuna na taki ne, damina ta ƙarato. Kafin in kai su gareji nake so in ji ta bakinku.

Ɗan Acaba, Gaya: Wa alaikumus salam. Yaya ai zafin bana ne kawai. Mutum ma da yake da rai yana neman sumewa, balle ƙarfe. Ka riƙa yawo da fiya wata biyu a aljihu, in ya ɗau zafi ka fasa masa ɗaya a ka, ka ci gaba da harkarka. Mu haka muke yi.

Yaron Gareji, Takai: Ring ne wallahi. Shekara uku ba a taɓa buɗe injin ba? Kawo shi mu sa maka fistan da ring, rabin yini an gama.

Baba Makanike, Wudil: Ku dakata tukuna, kai da mai fiya wata da kai mai ring. Ba a yi wa mara lafiya fiɗa daga jin labari. Ɗana mai babur, amsa min waɗannan. Yaushe ka yi juye na ƙarshe, kuma wane baƙin mai ka zuba, na gwangwani mai hatimi ko na awo? In ka kafa shi a kan babbar jaki ka zaro geji, ina man yake tsayawa? Salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da safe? In ka taka kik da sanyin safiya, yana da tauri ko yana tafiya salalam? Sannan wadda ta fi duka: akwai wanda ya taɓa maka kafireta, abin nan da ke haɗa mai da iska, a 'yan watannin nan?

Mai Boxer, Garko: Baba barka da dare. Juye sati uku ke nan, na gwangwani ne, 20W-50 aka rubuta a jiki, lita ɗaya. Yanzu na fita da tocila na duba, man yana kusa da layin sama, bai yi baƙi ƙirin ba. Hayaƙi babu. Kik kuwa da safe da taurinsa.

Baba Makanike, Wudil: To ring ya fita daga zargi, aƙalla a yanzu. Injin da ring ɗinsa ya mutu yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, kik ɗinsa yana laushi, kuma ba ya jan kaya ko a kan titi. Naka babu ko ɗaya. Amma na lura tambaya ta ƙarshe ka tsallake ta.

Malamin Fasaha, Birnin Kudu: Kafin ya amsa wa Baba, bari in ɗan sa baki, don na ga ana haɗa abu biyu wuri guda. Akwai zafin da yake ɗabi'ar injin ne, akwai zafin da yake ciwo.

Irin waɗannan baburan namu, Boxer da TVS da Jincheng da sauransu, ba su da lagireto, ba su da fanka. Haƙarƙarin nan da kuke gani jere a jikin bulok da kan injin ba ado ba ne, su ne gaba ɗayan abin sanyayawar. Zafi yana fitowa daga ciki ya bazu a jikinsu, iskar da ke bugowa in ana gudu ta kwashe. Man fetur ɗin da kuke ƙonawa, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a ƙananan injuna ma bai kai ba. Ragowar duk zafi ne, wani ya bi salansa, wani ya bi jikin ƙarfe da baƙin mai. Da ka tsaya cak, wuta tana ci a ciki amma mai ɗauke zafin ya tafi. Ka haɗa da watan Afrilu da Mayu da ma'auni ke haura 40 a ƙasar Kano da Jigawa, ga kwalta tana huci daga ƙasa, ga tirela tana hura maka nata hayaƙin a gaba. Dole ya yi zafi. Shi ya sa Adaidaita Sahu, da yake injinsa a rufe yake a baya, aka yi masa fanka mai hura masa iska ko yana tsaye.

Kuma don Allah a bar gwajin tofa yawu. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, kan injin mai sanyaya da iska kuwa yana wuce 150 yana cikin ƙoshin lafiya. In ka tofa ya yi cuu, ba abin da ka gano. Abin da ya sa na ce na ɗan'uwanmu ciwo ne, alamomi uku ne da ya faɗa da bakinsa: silo yana hawa shi kaɗai, akwai ƙarar ƙas-ƙas, sannan yana mutuwa ya ƙi tashi sai ya huce. Lafiyayyen babur zai ƙona maka ƙafa a gosilo, amma ba zai yi waɗannan ba.

Ɗan Acaba, Gaya: Malam na ji, amma maganar fiya wata fa? In muna tafiya ruwan sama ya tsuge a kan injin mai zafi, me ya sa ba ya fashewa? Ko ruwan Allah daban, na leda daban?

Malamin Fasaha, Birnin Kudu: Tambaya ce mai kyau, ba ta rainin hankali ba. Ruwan sama yana samun injin da iska ke sanyayawa dama, kuma yayyafi ne a ko'ina, kaɗan-kaɗan. Kai kuma kana jira sai ƙarfe ya kai ƙarshen zafinsa, sannan ka kwara masa ruwa mai ƙanƙara a gefe ɗaya. Kan injin alminiyan ne. Gefen da ruwa ya taɓa ya tsuke nan take, ɗayan yana nan a buɗe. Yau ba komai, gobe ba komai, wata rana ka ga gaskit yana tsiyaya ko fuskar kan ta karkace, ko tsagewa ta fito kusa da ramin fulogi. Ka taɓa zuba ruwan randa a kofin gilashin da aka gama shan shayi? Kusan haka ne, sai dai shi ƙarfe yana da haƙuri, ba ya nuna maka a ranar.

Ɗan Acaba, Gaya: Shekara nawa ina yi ban ga komai ba.

Baba Makanike, Wudil: Ni nake gani, ɗana, don wurina ake kawo su.

Mai Babban Babur, Dutse: Ni ma na sha irin wannan a gosilon Hotoro, shigowa Kano. Nawa mai lagireto ne. Ina tafiya allurar zafi tana tsakiya, da na tsaya sai ta yi sama har jan fitila ya kama. Ashe fankar ce ba ta tashi, fis ɗinta ya ƙone, abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ku duba fis.

Baba Makanike, Wudil: Alhaji naka gaskiya ne amma gidan daban ne, Boxer ba shi da fankar da fis ɗinta zai ƙone. Sai dai tunda ka kawo, masu irin naka su riƙe: in yana zafi a tsaye kaɗai, yana hucewa da an fara gudu, fanka ake fara tuhuma. A bar shi yana silo a saurara, ya kamata ta tashi da kanta in ruwan ya kai wajen 100. In ba ta tashi ba, a duba fis, a duba makunnin zafi da ke kunna ta, sannan a ba ta wuta kai tsaye daga batir a ga ko motarta tana da rai. In kuwa har a guje yana zafi, to a koma kan ruwan, da murfin lagireto, da toshewa. Masu ɗura ruwan rijiya su daina, gishirinsa yana daskarewa a cikin ƙananan hanyoyin nan kamar yadda yake yi a gindin buta. Kuma kada wanda ya kwance murfin nan injin yana da zafi, na ga fuskar da ya ɗaye. Mu koma kan mai Boxer. Ɗana, ina jiran amsata.

Mai Boxer, Garko: Baba gobe da safe in sha Allah, dare ya yi.

Hajiya Mai Babura Uku, Sumaila: Hhhh. Baba ka ƙyale shi ya kwana da ita. Ni na san amsar, don na ga irin wannan shirun a wurin yarana.

*Asabar*

Baba Makanike, Wudil: Tunda gari ya waye, ga aikin da za ka yi, ba sai ka biya kowa ba. Hau shi ka yi tafiyar minti goma, ka dawo gida ka bar shi yana silo minti biyu, ka kashe. Jira ya huce yadda za ka iya taɓawa, kada ka kwance fulogi daga kai mai zafi, zaren ramin yana iya biyo shi. Sannan ka fito da shi ka ɗauko mana hoton bakinsa.

Mai Boxer, Garko: Ga shi nan na turo. Farin nan na tsakiya fari fat yake kamar alli, a bushe, har da wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a jiki.

Kuma Baba bari in faɗi gaskiya tunda Hajiya ta riga ta tona ni. Lokacin da litar mai ta haura naira dubu, na kai shi wurin wani yaro a bakin titi, ba a garinmu ba, na ce ya matse min mai. Ya buɗe kafireta ta sama ya taɓa allura, ya murɗa wani ɗan sukuru a gefe. Kuma wallahi na ga bambanci, man da nake sha kwana biyu ya koma kai ni kwana uku. Lokacin sanyi ne, ban ga wata matsala ba sai wahalar tashi da asuba.

Baba Makanike, Wudil: Yauwa. Yanzu muka fara magana. Fulogi shi ne harshen injin, likita ma harshe yake cewa ka fito da shi. In ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, mai da iska sun daidaita. In ya yi baƙi da gawayi a bushe, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa, a nan ne ake maganar ring. In ya yi fari irin naka, injin yunwa yake ji, iska ta fi mai. Waɗannan ɗige-ɗigen kuwa su suka fi tayar min da hankali, sau da yawa ɓurɓushin kan fistan ne ya fara narkewa yana mannewa. Ka godewa Allah da yake mutuwa da kansa, da ya daure ya ci gaba da yanzu ana maganar huda a fistan.

Ɗan Acaba, Gaya: Baba da girmanka, amma nan kam ban yarda ba. Ta yaya rage mai zai ƙara zafi? Murhu in ka rage masa itace ai wuta raguwa take yi. Kuma nawa a matse yake tun 2023, ranar da aka ce tallafi ya tafi, mai ya tashi daga ƙasa da 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki. Duk tasharmu babu wanda bai matse ba. Ga mu nan muna aiki.

Malamin Fasaha, Birnin Kudu: Misalin murhun ya yi, amma juya shi. Ba itace ka rage kaɗai ba, fifita ka ƙara. Maƙeri in yana son ƙarfe ya yi ja, zugazugi yake dannawa, ba gawayi yake tulawa ba. A lissafi, don fetur ya ƙone tas yana son iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa, kuma a daidai wajen nan wutar ta fi zafi. Masu ƙera injin da iska ke sanyayawa da gangan suke barin man ya ɗan fi haka yawa. Wannan ɗan rarar ba asara ba ce: yana shiga a jiƙe, yana turara, yana ɗauke zafi daga bawul, wato 'yan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, da kan fistan, kamar yadda gumi ke yi a jikinka. Shi ne ruwan lagireton talaka. In ka matse, rarar nan ka cire. Sannan cakuɗen da ya yi ƙarancin mai sosai yana ci a hankali, har bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe wutar ba ta gama ba, sai ta bi ta kansa. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ya ji, ragowar cakuɗen ne yake fashewa da kansa saboda zafi, maimakon ya ci a jere daga tartsatsin fulogi. Kamar ana dukan fistan da ƙaramar guduma ne.

Baba Makanike, Wudil: Kuma kai ɗan Gaya, a ina kake aiki? Daga tasha zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa tasha, iska tana bugun injinka yini guda, in ka tsaya jiran fasinja ka kashe. Tun 2013 da aka hana goyon acaba a cikin birnin Kano, yawancinku ba ku san doguwar tsayuwa da injin a kunne ba. Zo ka tsaya min minti 20 a bakin gada ranar Juma'a tsakanin tirela biyu, sannan mu yi maganar.

Hajiya Mai Babura Uku, Sumaila: Ni ba makanikiya ba ce, amma bari in gaya muku abin da aljihuna ya koya min. Babura uku na ba yara suna kawo min balas. Mai daga aljihunsu yake fita, injin kuwa daga nawa. To wa zai hana su matsewa? A shekara ɗaya sau biyu ina sauke injin babur guda, yaron yana rantsuwa shi bai san komai ba. Sai da ƙanen maigidana ya kwance fulogi a gabana ya nuna min, fari kamar an wanke da omo. Ban yi faɗa da kowa ba. Na rage musu wani abu a balas, na ce juye ni zan riƙa biya, a wurin mutum ɗaya, shi ne kuma kaɗai zai taɓa kafireta. Duk ƙarshen wata ana kawo min fulogai uku a leda in duba da idona. Yaran suna min dariya wai Hajiya ta zama injiniya.

Ɗan Acaba, Gaya: Hajiya Allah ya ƙara arziki, amma ki sani mu ma ba don mugunta muke yi ba. Fasinjan ƙauye in ka ƙara masa naira ɗari sai ya ce zai taka da ƙafa.

Hajiya Mai Babura Uku, Sumaila: Na sani ɗana, shi ya sa na rage balas ɗin ban kore su ba.

Yaron Gareji, Takai: To in iska ce matsalar injin ba ya samun sanyi, a cire masa soson iyakilina, matatar iskar nan, mana ya sha iska sosai, a ɗan huda salansa zafin ya riƙa fita.

Baba Makanike, Wudil: Kai yaro, wa yake koya maka aiki? Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mutum iska ta yi masa yawa a ciki, kai kuma ka ce a buɗe mata ƙofa. Cire soso yana ƙara matsewar ne, sannan ƙurar hanyar Garko ta shiga ta cinye bulok kamar an sa takardar goge katako. A lokacin ne za a zo maka da aikin ring ɗin da kake nema. Iskar da ake so a waje ake son ta, a jikin haƙarƙari. Kai mai babur, duba su ma, in laka ta bushe a tsakaninsu ko maiƙo ya kama ƙura ya yi kauri, ka wanke da buroshi injin yana sanyi. Masu ɗaura buhu ko faranti a gaban injin don kare taɓo, su ma suna tare masa numfashi.

Ga yadda za a mayar da kafireta. Allurar tana da 'yan tsage-tsage a samanta da wani ɗan kilif. Yaron ya mayar da kilif ɗin sama ne don allura ta nutse ta toshe mai. A dawo da shi inda kamfani ya sa shi, galibi tsakiya. Amma ka sani allura aikinta in an murɗa totur ne. A silo, ɗan sukurun gefen nan ne mai mulki. Dubi inda yake: in yana ɓangaren injin, na mai ne, kwance shi yake ƙara mai. In yana ɓangaren iyakilina, na iska ne, ɗaure shi yake ƙara mai. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa siriri ne, ana ƙirga zagaye don a san inda aka same shi. A dawo da shi kamar zagaye biyu, a tayar da injin ya yi ɗumi, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana saurare har inda ƙarar ta fi daɗi da ƙarfi. Sannan a koma babban sukurun silo a sauke shi wajen zagaye 1,400 a minti, yadda zai riƙa bugawa a natse ba ya rawa. Ƙaramin jet ɗin silo ma a fito da shi a hura, raminsa kamar na allurar ɗinki ne, dattin man bumburutu kaɗan ya ishe shi.

*Lahadi*

Mai Boxer, Garko: Salam. An yi duk yadda Baba ya ce, a wurin wani dattijon makanike a nan garinmu, na karanta masa saƙon daga waya. Kilif ɗin a can ƙololuwa muka same shi. Yanzu ƙas-ƙas ta tafi, babur ya ƙara ƙarfi har na ji kamar ba nawa ba. Amma na gwada shi a tsaye a ƙofar gida, da ya yi zafi sosai silo ya sake hawa. In na murɗa totur na saki, ba ya sauka nan da nan, sai ya yi ta kuka kafin ya dawo. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan?

Yaron Gareji, Takai: Wayar totur ce take maƙalewa, a sa mata mai.

Baba Makanike, Wudil: Wannan karon ka yi magana mai ma'ana, a duba ta, minti ɗaya ne. Amma da waya ce, da sanyi da zafi duk za ta yi. Abin da ke jiran zafi kafin ya fito, ni roba nake zargi. Tsakanin kafireta da kan injin akwai wuyan nan da cakuɗen ke bi, da roba da gaskit a mahaɗinsa. In ya tsage, injin yana zuƙar iska ta bayan fage, iskar da ba ta bi ta kafireta ba balle a haɗa mata mai. A guje ba ta da tasiri sosai, don abin da ke shiga ta ƙofa yana da yawa. A silo kuwa ƙofar kusan a rufe take, zuƙar tana da ƙarfi, sai ɓarauniyar hanya ta zama babba. Ka ga dalilin da ya sa naka a gosilo kaɗai yake nuna hali. Tayar da shi, ka fesa ruwa kaɗan a mahaɗin da bututun sirinji ko gorar da aka huda wa murfi, ka saurara. In ƙara ta canza, ka kama ɓarawo. Kada ka yi da fetur kamar yadda wasu ke yi, kusa da fulogi ne.

Mai Boxer, Garko: Innalillahi. Baba ko fesawar ba mu kai ga yi ba. Da muka leƙa ta ƙasa da madubin babur, sai ga robar tib an naɗe wurin da ita, an shafe da gam. Muka warware, tsagewa ce ta kai rabin zagaye. Ashe ranar da yaron nan ya ciro kafireta ya yaga ta, ya ɗaure ya yi shiru. Ta sama ba ka ganin komai.

Hajiya Mai Babura Uku, Sumaila: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya kyauta.

Malamin Fasaha, Birnin Kudu: Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba, kuma ni shi ya fi tsaya min: mutuwar da yake yi ya ƙi tashi sai ya huce. Ƙarancin mai yana iya kawo ta, amma akwai wasu biyu masu irin wannan hali. Ko kwayil da ke yanke wuta in ya yi zafi, ko tafet da ya matse, wato ɗan sararin da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi ya rufe. Na farko gwajinsa sauƙi: lokacin da ya mutu, a sa wani fulogi a hular, a jingina da jikin injin, a taka kik a ga ko akwai shuɗin tartsatsi. Na biyu kuma, ɗan'uwa ka tuna, lokacin da kake ta dukan kik a bakin gada, taurinsa ɗaya da na safe?

Mai Boxer, Garko: Malam yanzu da ka faɗa, a'a. Laushi ya yi, har ƙafata tana zarcewa ƙasa. Na ɗauka gajiya ce ta sa nake jin haka.

Baba Makanike, Wudil: Malam ya riga ni. Tafet ne. Kuma laifin wannan rabi namu ne makanikai, rabi na masu babura. Mutum zai zo ya ce injina yana caf-caf, a kashe min ƙarar. Yaro ya ɗaure tafet har ya yi tsit, mai babur ya tafi yana murna an iya aiki. Alhali ɗan sararin nan da gangan aka bar shi, don ƙarfe yana miƙewa in ya ji wuta. In babu shi, da zafi ya kama sai bawul ya kasa zama daram a kujerarsa. Matsi ya zube, kik ya yi laushi, injin ya mutu. Ya huce, bawul ya koma, kik ɗaya ya tashi. Kuma bawul ɗin hayaƙi ta wurin zaman nan yake sauke yawancin zafinsa a jikin kai, in bai zauna ba gefensa yake ƙonewa. Ni tafet mai 'yar magana ba ya ba ni tsoro, wanda ya yi shiru nake tsoro. A bar babur ya kwana, a auna da safe yana sanyi ƙalau, da fila geji, ba da ƙiyasin yatsa ba. A irin waɗannan ƙananan injuna sararin yana tsakanin 0.05 da 0.10 na milimita, a duba littafin babur ɗin a ga na kowane bawul. Tunda an buɗe murfin, a tayar da shi daƙiƙa kaɗan a ga ko baƙin mai yana fantsalowa sama. In wurin a bushe yake, to famfon mai ko rariyarsa sun shigo cikin magana.

Yaron Gareji, Takai: Baba na karɓi gyara a kan iyakilina. Amma in bawul ya riga ya ƙone, ai dole dai a sauke kai. Ba gaba ɗaya na yi kuskure ba.

Baba Makanike, Wudil: In ya ƙone, za a sauke kai, ba bulok ba, kuma bawul za a gyara, ba ring ba. Za mu sani bayan an saita: in taurin kik ya tsaya da zafi da sanyi, ya tsira. Ka iya kwance injin, na yarda. Zauna ka koyi dalilin kwancewa.

*Juma'ar da ta biyo*

Mai Boxer, Garko: Jama'a ga rahoto. Ranar Litinin an auna tafet, na hayaƙi ko mafi sirantar fila geji ta ƙi shiga. An saita, an sa sabuwar roba da gaskit, an sake daidaita silo don da aka toshe tsagewar sai ya canza, na sa sabon fulogi. Mai yana hawa sama yadda ya kamata. Yau da gangan na shigo Wudil da azahar, gosilon ma ya fi na wancan satin. Zafi yana nan, ƙwaurina ya shaida, amma silo bai motsa ba, babu ƙara, bai mutu ba. Na bi shawarar dattijon garinmu, na daina riƙe kuloci a giya ina jan totur, ina sa shi a firi, inda na ga tsayuwar za ta wuce minti biyu kuma in kashe in tura da ƙafa. Da na dawo gida na taka kik yana da zafi, taurinsa na nan. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin rabin buhun taki ba. Sai dai gaskiya shan mai ya dawo kusan yadda yake da, kwana biyu da ɗan wani abu.

Ɗan Acaba, Gaya: Ka ji ko. Wannan ɗan wani abun a wurinmu shi ne cefanen gida.

Malamin Fasaha, Birnin Kudu: Akwai inda za ka nemo shi ba a kafireta ba. Iskar taya, sarƙar da ta bushe, birkin baya da ke riƙewa, soson iyakilina da ya toshe. Kafa babur a babbar jaki ka juya tayar baya da hannu, in ba ta zagaya sakayau ba, a nan manka yake tafiya.

Ɗan Acaba, Gaya: Baba, ba wai na sauka daga maganata ba. Amma ga hoton nawa fulogin, na kwance don in nuna muku lafiyarsa lau. Wannan ai ruwan ƙasa ne ko? Hasken waya ne ya sa ya yi kamar fari.

Baba Makanike, Wudil: Kashe fitilar wayar, ka fita waje ka ɗauko shi a rana.